Yadda Tuna Baya Ke Juya Zuciya a Arewacin Ghana

Tuna abin da ya wuce aiki ne da zuciyar ɗan Adam take yi ba dare ba rana, sau da yawa ba tare da mai ita ya nema ba, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa aikin ba ya tsayawa a kan dawo da labari kawai, domin duk abin da mutum ya tuno yakan zo ne da ɗanɗanonsa, ya sauya masa yanayin da yake ciki, ko dai ya samu walwala da natsuwa, ko kuwa ƙunci ya lulluɓe shi. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne dalilin da ya sa tunani iri ɗaya yake zama magani ga wani, ya zama cuta ga wani, har ma ga mutum guda a lokuta dabam-dabam. Arewacin Ghana wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, saboda tsakanin Salaga da Yendi da Bawku da Bolgatanga akwai al'ummomin da fatauci ya tara, yaƙi ya watsa, rikicin sarauta ya raba, kuma kowacce ta samar wa kanta hanyoyin da take bi da abin da ya wuce, wasu hanyoyin suna nan suna aiki, wasu kuwa an toshe su, an kuma ga abin da toshewar ta haifar.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da ya faru cif-cif yadda ya faru. Tun a 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya nuna cewa idan aka ba mutane labari aka ce su maimaita shi bayan kwanaki ko watanni, sukan rage wani abu, su ƙara wani, su daidaita shi da abin da suka saba da shi, ba da niyyar ƙarya ba, sai don ana sake harhaɗa labarin ne duk lokacin da aka kira shi. A 1981 kuma Gordon Bower na Jami'ar Stanford ya bayyana cewa yanayin da mutum yake ciki shi ke zaɓar masa abin da zai tuna, wato mai farin ciki ya fi saurin tuno ranakun daɗi, mai baƙin ciki kuwa ranakun wahala ne suke rige-rigen zuwa masa. Daga nan matsala take tasowa, domin baƙin ciki yana jawo mugun tunani, mugun tunanin yana ƙara baƙin cikin, har mutum ya faɗa cikin saƙa da warwara, ya riƙa juya magana ɗaya a ransa yana tambayar kansa abin da ya sa masifa ta zaɓe shi, ba tare da ya kai ga wata matsaya ba. Susan Nolen-Hoeksema ta bibiyi ɗalibai kafin girgizar ƙasar da ta auku a yankin San Francisco a 1989 da kuma bayanta, ta gano cewa waɗanda tun farko suke da wannan ɗabi'a su ne suka fi daɗewa cikin damuwa bayan makonni sun wuce.

Tarihin Salaga ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. A ƙarni na 19 garin shi ne babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suke sauka bayan tafiyar watanni ƙarƙashin madugai, su sayar da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ɗauki goron da ake kawowa daga dazukan Asante, kuma ba a ɓoye cewa bayi suna cikin manyan hajojin wannan kasuwa. Cin Kumasi da Turawan Ingila suka yi a 1874 ya raunana hanyar goro, sannan yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe, wadda Salaga take ƙarƙashinta, ya tarwatsa garin, mazaunansa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da sauran wurare, inda suka ƙarfafa zangunan da ake gani a yau. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, wanda har yau ake jingina sunansa ga Salaga duk da cewa rabin rayuwarsa ta ƙarshe a wani gari ya yi ta. Shekaru bayan yaƙin ya rubuta doguwar ƙasida ta Larabci a kan abin da ya faru, kuma abin lura shi ne bai mayar da Salaga aljannar da aka rasa ba, ya kawo lalacewar ɗabi'u da ta mulki da ta gabaci yaƙin, ya jera al'amura bi da bi, ya ba baƙin cikin farko da ƙarshe. Wannan ita ce tunawar da ke sauke nauyi, kuma za a ga cewa binciken zamani ya zo ya tarar da ita a inda take.

Begen gida, wato kewar wuri ko zamanin da mutum ya baro, likitocin Turai sun daɗe suna lissafa shi cikin cututtuka, tun daga 1688 da wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya siffanta shi a jikin mutanen Siwizalan da ke zaune nesa da garuruwansu, waɗanda sukan rame, su daina cin abinci, barci ya ƙaurace musu. A 2006 ne Tim Wildschut da Constantine Sedikides na Jami'ar Southampton a Ingila suka juya wannan fahimta, bayan sun tattara labaran da mutane suke bayarwa idan bege ya taso musu, suka ga cewa kaɗaici da ɓacin rai su ne suka fi tayar da shi, amma abin da yake kawowa galibi hoton mutum ne a tsakiyar waɗanda yake ƙauna, kuma bayansa mutum yakan ji cewa yana da mutane, yana da daraja, rayuwarsa tana da ma'ana. Ke nan bege ba shi ne ciwon ba, martanin da zuciya take mayarwa ne idan ciwon kaɗaici ya taɓa ta. Sai dai akwai sharaɗi. Wani nazari da David Newman da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, wanda ya bi mutane cikin harkokinsu na yau da kullum, ya nuna cewa begen da ke faɗo wa mutum ba shiri ya fi karkata ga ɗaci, saɓanin wanda mutum ya zauna da gangan ya kira.

Zango, a matsayinsa na unguwar baƙi 'yan kasuwa da malamai, al'umma ce da aka gina a kan irin wannan bege, kuma dattawanta na yau suna ɗauke da nasu rabon. Da yawa daga cikinsu suna yara ko samari lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar korar baƙi ranar 18 ga Nuwamba, 1969, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, abin da ya raba maƙwabta da abokan ciniki, ya raba iyali ɗaya gida biyu, wasu a Ghana wasu a Najeriya ko Nijar. Mutanen Salaga kuma sun ga garinsu ya sake komawa gefe bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale da a da take ratsa Yeji da Salaga ta koma ta Kintampo da Buipe. Waɗannan al'amura sun faɗo daidai shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi riƙewa, domin binciken David Rubin da wasu tun 1986 ya nuna cewa idan aka ce tsoho ya tuna rayuwarsa, mafi yawan abin da zai kawo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa yake fitowa, lokacin da mutum yake yin abubuwa da yawa a karon farko, yake kuma gane ko shi wane ne.

Wurin da ake sarrafa wannan kaya shi ne majalisa. A zangon Bolgatanga, kamar sauran zanguna, bayan La'asar dattawa sukan hallara a benci kusa da masallaci ko a gaban shagon wani, ana fasa goro ana rabawa, wani yaro yana gefe yana fifita gawayi ƙarƙashin butar shayin ataya, rediyo yana magana ba mai saurarensa. A kwatanta dattawa biyu a irin wannan zama. Na farko, duk abin da aka taɓo, amsarsa ɗaya ce, cewa da can akwai albarka, yanzu kuwa duniya ta lalace, ba amana, ba kunya, kuma yakan tashi ransa a jagule fiye da yadda ya zauna. Na biyu kuwa sai ya dubi na kusa da shi ya ce, “Alhaji, ka tuna ranar da muka ɗauko albasa daga Bawku, muka iske jirgin fito ya tashi, muka kwana a bakin ruwa kan buhuna?” Sai wancan ya gyara masa cewa ba damina ba ce, hunturu ne, wani ya tuno sunan direban, wani ya tuno mai kokon da ta ba su bashi da asuba, a yi dariya har da tafawa. Daren da ake magana a kansa daren wahala ne, da sauro da yunwa da fargabar kada albasa ta ruɓe, amma ya zama abin daɗi domin yana da rana, yana da wuri, yana da shaidu, kuma an san yadda ya ƙare.

Wannan bambanci tsakanin tunawa a dunƙule da tunawa dalla-dalla yana cikin abubuwan da masana suka fi tabbatarwa. A 1986 Mark Williams da Keith Broadbent sun riƙa ba marasa lafiyar da suka yi yunƙurin halaka kansu kalma guda, kamar farin ciki ko fushi, su ce su kawo wata rana takamaimai da kalmar ta tuna musu, sai suka ga marasa lafiyar sun fi sauran mutane kasa yin haka, suna amsawa da jimla irin ta “kullum” da “ko yaushe”. An ci gaba da samun wannan alama ga masu ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ya zarce makonni ya hana mutum barci da ci da aiki, kuma dalilin illarta a fili yake: wanda bai iya tuno rana guda da ya shiga matsala ya fita ba, ba shi da abin da zai dafa idan sabuwar matsala ta zo. Tun kafin haka, a 1963, likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya yi jayayya da masu ɗaukar yawan labarin da na tsofaffi a matsayin alamar rikicewa, ya ce aiki ne na bitar rayuwa da mutum yake bukata kafin ajali, don ya daidaita lissafinsa da kansa da mutanensa. Matasan da ke gajiya da maimaicin kakanninsu ba su cika sanin cewa zaman da suke yi suna saurare wani nau'i ne na jinya ba.

Tasirin yana sauka har cikin jiki. Megan Speer da Mauricio Delgado na Jami'ar Rutgers a Amurka sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara don tayar musu da hankali, sannan suka ce wasu su tuno abin daɗi, wasu su tuno abin da ba daɗi ba ɗaci, kuma sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna cewa sinadarin kotizol, wanda jiki ke saki idan ya shiga matsi, bai hau sosai ga rukunin farko ba. Amma kuskure ne a mayar da wannan shawarar da za a ba kowa, domin Jutta Joormann da abokan aikinta sun nuna a 2007 cewa mai fama da ciwon damuwa idan aka ce ya tuno lokacin daɗi, ransa ƙara ɓaci yake yi, saboda yakan auna jiya da yau ya ga abin da ya rasa. Mai zuwa gaisuwa ya ce wa wadda mijinta ya rasu ta tuna alheran da ta gani, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma yana iya zama fami ya yi.

Al'adun yankin sun kula da wani ɓangare da ɗakin gwaji bai cika kula da shi ba, wato lokaci da izini. A Dagbon, masarautar da fadarta take Yendi, akwai lunsi, makaɗan da suka gaji riƙon tarihi, shugabansu a Yendi shi ne Namo-Naa, kuma su ne suke kiran mutum da kirarin kakanninsa a wurin biki ko makoki har ya miƙe ya yi kyauta, abin da Bahaushe ya sani sarai tun da shi ya ce tuna baya shi ne roƙo. Babban karatun tarihin sarakuna, wanda ake kira Samban' luŋa, ba kullum ake yin sa ba, yana da darensa a lokutan salla, a ƙofar fada, kuma akwai sassan da suka shafi yaƙi da zubar da jini waɗanda makaɗi ba ya taɓa su sai an yi yanka. Ma'anar wannan ƙa'ida ita ce al'umma ta yarda cewa akwai tunanin da yake da nauyi, ba a ɗaga shi ko yaushe, ba a kuma ɗaga shi mutum ɗaya. Haka ma zaman makoki a zango, da addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, da takabar wata huɗu da kwana goma: malamai sun yi saɓani a kan hukuncin wasu daga cikin waɗannan taruka, kuma wannan fage nasu ne, amma ta fuskar lafiyar zuciya aikinsu a bayyane yake, suna ba mai rashi ranakun da zai ambaci mamacinsa a gaban mutane, a ba shi labaran da bai sani ba, a bayyana bashi a yafe, sannan tazarar ranakun tana ƙaruwa har a sallame shi ya koma harkokinsa.

Yendi ta ga abin da ke faruwa idan aka hana wannan sallama. A ƙarshen Maris na 2002 aka kashe sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, tare da mutane da dama a faɗan da ya ɓarke tsakanin gidajen sarauta biyu, Abudu da Andani, ba a binne shi ba sai a Afrilun 2006, kuma da yake a al'adar Dagbon binnewa dabam take da babban bikin makoki, wanda sai an yi shi ake naɗa magaji, sai kujerar ta zauna ba sarki. A ɗaya ɓangaren ma akwai makokin Mahamadu Abdulai na Huɗu, wanda ya rasu a 1988, da ba a yi ba. Sai da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya tsara aka yi makokin Mahamadu Abdulai a Disambar 2018, na Yakubu Andani a Janairun 2019, sannan aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a watan. Shekara 30 ke nan ga gida ɗaya, kusan 17 ga ɗayan, mutane suna kwana suna tashi da mutuwar da ba a rufe ba, yaran da aka haifa a tsakani suka gaji ɓacin ran abin da ba su gani ba. Ba siyasa kaɗai ta sa sulhun ya bi ta kan makoki ba.

A Bawku lamarin bai kai ga haka ba tukuna. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya samo asali tun wajen 1957, ya sha lafawa yana tashi, ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, aka taƙaita hawan babur, har aka hana sa rigar saƙi ta gargajiya don gudun ɓoye makami a cikinta, 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da dama suka koma Bolgatanga da wasu garuruwa. Irin tunanin da wanda ya ga kisa ko ya kwana cikin ƙarar bindiga yake fama da shi dabam yake da bege, domin ba labari ba ne, gutsattsari ne na hoto da ƙara da wari da ke faɗo masa a farke ko a mafarki kamar yanzu abin yake faruwa, kuma ƙarar salansar babur kaɗai tana iya tayar da shi. Dokar hana fita, ko da ta tsare rayuka, tana rufe majalisar dare da hirar ƙofar gida, ta bar kowa a ɗaki da tunaninsa. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wanda ya kamata masu yabon tuna baya su riƙa faɗa: labarin da ke sanyaya zuciyar mutum cikin danginsa, na abin da aka yi musu da waɗanda aka kashe musu, shi ne kuma yake iya zama makamashin ramuwa idan kowane ɓangare nasa kaɗai yake maimaitawa, yana farawa daga shekarar da ta dace da hujjarsa.

Hanyar jinyar da ta fi kusa da wannan yanayi an gwada ta ne a Afirka. Frank Neuner da Maggie Schauer da Thomas Elbert, masana daga Jamus, sun tsara wata hanya da ake shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun daga haihuwa, ya ɗora fure a kan kowane lokacin daɗi, ya ɗora dutse a kan kowane lokacin masifa, ragowar igiyar a bar ta a naɗe domin kwanakin da ba su zo ba, sannan a zauna da shi zama bayan zama yana ba da labarin bi da bi, ana tsayawa a kan kowane dutse har ya faɗi ranar da wurin da abin da ya gani da abin da ya biyo baya, ana rubutawa ana karanta masa. A gwajin da suka yi da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a sansanin Imvepi na Yuganda, wanda aka wallafa a 2004, bayan shekara guda kashi 29 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka yi wa wannan jinya suke da sauran ciwon firgici, alhali a sauran rukunan biyu adadin ya kai kusan kashi 80. Mutanen kaɗan ne, bai kamata a ɗora wa gwaji ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma an maimaita hanyar a wasu ƙasashe, an kuma koya wa waɗanda ba likitoci ba suka yi ta.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafar arewacin Ghana, domin manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, tafiyar yini guda ko fiye daga Bolgatanga. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta yi nufin a sauko da kulawa cikin al'umma, kuma a aikace nauyin yana kan ma'aikatan jinya na asibitocin gunduma da ƙungiyoyi irin su BasicNeeds, wadda ta daɗe tana haɗa masu lalura da iyalansu cikin ƙungiyoyin taimakon kai a arewa. Mafi yawan masu damuwa ba sa fara zuwa can, sukan je wurin limami ko malamin unguwa ko wata dattijuwa a gida, kuma ba sa cewa suna da ciwo, sai dai su ce tunani ya yi musu yawa, ko barci ya ƙi, ko ƙirji ya yi nauyi. Zimbabuwe ta gina shiri sukutum a kan irin wannan ƙorafi, inda likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Abin da irin wannan horo yake ƙara wa mai saurare ba shi da yawa: kada ya gaggauta cewa a yi haƙuri a manta, kada kuma ya tilasta wa wanda bai shirya ba ya buɗe bakinsa, ya riƙa tambayar yaushe ne, a ina ne, wa ke wurin, me ya faru bayan nan, sannan ya san iyakarsa, ta yadda idan mutum ya daina ci, ko ya yi makonni ba barci, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, zai kama hannunsa ya kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin yanki da ke Bolgatanga ko na gundumar da ta fi kusa.